Sa wa 'yan mata bakin samari bai mai da fim na mata ba

Shekaranjiya da daddare ƙanwata, wadda ke aji biyu a jami'a, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, ƙawata ce ta turo mini wannan, wai fim ne na mata zalla." Na duba, sai ga American Pie Presents: Girls' Rules na 2020. Na ce ta bar mini wayar zuwa safe. Na kalle shi har ƙarshe, kuma har yanzu abin yana cina a rai.

Asalin fim ɗin a Amurka ya fito, a 1999: samari huɗu 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka yi alkawari kowa zai san mace kafin su bar makaranta. Dala miliyan 11 aka kashe, ya tara sama da miliyan 200, shi ya sa aka yi ta haifo masa ƙanne. Wannan na 2020 shi ne na tara in an haɗa da na asalin. An cire samarin, an sa 'yan mata huɗu a makarantar nan dai, su ma da nasu alkawarin.

Maza biyu ne suka rubuta shi, darakta ma namiji ne. Ban ce namiji ba zai iya rubuta labarin mace ba, wasu sun iya ƙwarai. Amma nan kam tsohuwar riga ce aka juya. Batsar samarin, da raharsu, da gaggawarsu, duka aka kwaso aka zuba a bakin 'yan mata, aka ce ga muryar mata.

In da gaske muryar mace ake nema, ai tana nan tun 1999, an bar ta a baya. Akwai Nadia, ɗaliba baƙuwa daga ƙasar Cek. Jim, ɗaya daga cikin samarin huɗu, ya ɓoye kyamara a ɗakinsa ya watsa hotonta tana sauya kaya ba tare da saninta ba, abin ya kai ga makaranta duka. Wa ya ɗanɗana kuɗarsa? Ita aka tattara wa kaya aka mayar gida. Shi kuwa kunya ce ta 'yan kwanaki. A ƙarshe ma aka nuno ta tana yi masa murmushi ta kwamfuta, kamar ba a yi komai ba. Ni labarin da nake so in gani shi ne safiyar da ta biyo baya: yadda ta ratsa cikin ɗalibai kowa na binta da ido, abin da ta faɗa wa mahaifiyarta a waya, da abin da ta yi ta saƙawa a cikin jirgi. Mu ma nan mun san wannan safiyar. Bidiyo zai bazu a WhatsApp, a fasa auren yarinya, wanda ya ɗauka kuwa yana zaune a majalisa yana shan shayi.

Booksmart na 2019, wani fim kan 'yan mata biyu ƙawaye, da mata huɗu suka rubuta, Olivia Wilde ta ba da umarni, shi ma bai rasa batsa ba, ba kuma zan ce ƙanwata ta kalla ba. Sai dai can abin da ke damun 'yan matan biyu shi ne ƙawancensu da tsoron rabuwa, kuma wannan na yarda da shi.

Da safe na mayar wa ƙanwata wayarta, na ba ta labarin Nadia. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, shi kuma ba a kore shi ba?" Na ce mata a'a.