Jakar magani ta mai dogon zango a daji

A makon jiya wasu matasa da ke shirin tafiya gandun dajin Gashaka-Gumti suka turo mini hoton wani ɗan akwatin taimakon gaggawa da suka saya a kantin magani, suna tambaya ko ya wadatar. Na duba abin da ke ciki, sai na ga filasta guda goma, ƙaramin bandeji ɗaya, 'yar auduga, almakashin da ko zare zai yi masa gardama, da kwalbar aidin da ba ta kai tsawon yatsa ba. Na ce musu akwatin ya dace da ofis ko mota, inda asibiti bai wuce tafiyar minti 20 ba, amma su da suka ɗaura niyyar hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai tsayin mita 2,419 a kan iyakarmu da Kamaru, wannan akwati ba zai kai su ko'ina ba. Gandun nan ya haura murabba'in kilomita 6,000 a tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, kuma duk wanda ya bar garin Serti da ke bakin gandun ya nausa ciki da ƙafa, to kwanaki ne tsakaninsa da gadon asibiti.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, da nisan asibiti ake auna jakar magani. Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya, ya kamata matafiya su zauna su ƙidaya kansu, su ƙidaya kwanakin da za su yi, sannan su tambayi kansu sa'o'i nawa za su ɗauka kafin su fito da wanda ba ya iya taka ƙafarsa daga wuri mafi nisa a cikin tafiyar. Amsar wannan tambaya ita ce ke faɗin girman jaka da abin da za a zuba mata, domin aikinta bai wuce biyu ba: ta hana ƙaramin ciwo zama babba, ta kuma riƙe mai babban ciwo da ransa har a sada shi da likita. Wannan lissafi ya shafi mafarauta, da makiyaya, da masu noma a ƙungurmin daji, kamar yadda ya shafi masu yawon buɗe ido.

Kuskuren da na fi gani a wurin mutanenmu shi ne son magani mai ƙarfi. Za ka tarar an cika leda da kafso iri uku, da Flagyl, wani har da allurai da tiramadol, amma babu ko ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari. Ni ma na taɓa faɗawa cikin wannan rami. A wata tafiya ta kwana shida da muka yi shekarun baya, wanda ya fi mu ƙarfi duka ya sha ruwan rafi ba tare da an gyara shi ba, zuwa rana ta uku zawo da amai sun kwantar da shi, idanunsa sun faɗa, fitsari ya ɗauke. Kafson da muka ɗauko bai yi masa komai ba. Abin da Allah Ya sa ya zama sanadin tashinsa shi ne sukarin shayinmu da gishirin girkinmu. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu ta rabin lita, ana zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba mara lafiya yana kurɓa kaɗan-kaɗan ko da yana amai. Ƙunshin da ake sayarwa a kemis ya fi wannan haɗin daidaito, ga araha, ga rashin nauyi, don haka ban ga dalilin da zai sa mutum shida su shiga daji na mako guda da ƙasa da ƙunshi 20 ba. Wanda aka haɗa ya kwana ya wuni, a zubar a sake sabo. Ƙwayar tsayar da zawo kuwa, kada a ba wanda ke kashin jini ko zazzaɓi.

Tun da ruwa ne tushen wannan matsala, abin gyara ruwa yana cikin kayan magani. Ƙwayar kulorin tana bukatar minti 30 kafin a sha ruwan, kuma ba ta aiki sosai a ruwa mai laka sai an bar shi ya kwanta an tace da tsumma mai tsabta. Tafasawa ta fi tabbas. Minti ɗaya yana ɓararraka ya isa a ƙasa, amma a kan tsaunin da ya haura mita 2,000 a bar shi minti uku.

Sai batun rauni, wanda shi ne ya kamata ya ci rabin jakar. A gida mutum zai yanke ya sa filasta ya manta, amma a daji, inda ake kwana da gumi da ƙura, yankan da bai kai a kula da shi ba yana iya ɗurar ruwa cikin kwana biyu ya hana mutum tafiya. Maganin farko shi ne wanki da ruwa mai yawa, irin wanda za a iya sha, da sabulu a gefen ciwon. Sirinji babba marar allura yana fesa ruwa da ƙarfin da zai fitar da yashi, idan babu shi a huda ledar ruwa da tsinke mai tsabta a matsa. Ɗabi'ar nan ta fasa kafso a zazzage garinsa a kan ciwo, ko a cusa ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ƙara wa ciwo aiki kawai take yi. A ɗauki ƙyallen rufe ciwo mai yawa wanda bai taɓa buɗewa ba, da bandeji mai naɗi da mai talewa, da filasta ta naɗi mai faɗi, da safar hannu, da almakashi na gaske, da hantsaki don cire ƙaya da kaska. Idan jini yana zuba, a danne wurin da ƙarfi minti goma cur ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, in ƙyallen ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Ɗaure hannu ko ƙafa tamau don tsayar da jini sai idan jinin yana tsartuwa ya ƙi tsayawa da danna, kuma a rubuta lokacin da aka ɗaure. Ƙuna kuma, wadda ba ta rasa faruwa inda ake girki da itace, ruwa mai sanyi take so na tsawon minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Kada a raina bororon ƙafa: da zarar an ji wuri yana zafi a cikin takalmi a tsaya a manna filasta tun bai tashi ba. Wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafin tetanus ba, ya yi ta kafin ya bar gari.

Tambayar da matasan suka fi nanatawa ita ce ta maciji, kuma a nan ne nake so in tsaya, domin a nan ne jakar magani ke yaudarar mutane. Babu wani abu da za a sa a jaka ya kashe dafin maciji. Baƙin dutsen da ake mannawa a kan sara ba ya zuƙe dafi, tsaga wurin da reza da tsotsa da baki suna ƙara ɓarna, ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba kuma ya sa an yanke wa mutane da yawa ƙafar da dafin kansa bai isa ya cinye ba. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ita ce ta fi kashe mutane a yankunan ciyayi na arewacin Nijeriya, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai iya yini yana hira kamar ba abin da ya same shi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon ciwo. Wannan jinkirin ne ke ruɗar 'yan uwa su ce maganin gargajiya ya kama, alhali lokaci ne ke ƙurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a shekarar 2017, kuma ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa a duniya kowace shekara ta wannan hanya. Maganinsa ɗaya ne, allurar kashe dafi da ake sawa ta jijiya a asibiti, a gaban ma'aikatan da za su iya ceto mutum idan jikinsa ya ƙi karɓarta. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, har daga maƙwabtan jihohi ake kai masa marasa lafiya.

Abin da ya rage wa matafiya shi ne su janye mutum daga wurin, su kwantar masa da hankali, su cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya zo, su ɗora gaɓar a kan kara ko sanda su naɗe ta yadda ba za ta motsa ba amma ba tare da matsewa ba, sannan su ɗauke shi, kada ya taka. Da biro a zagaye iyakar kumburin a rubuta lokaci, domin likita zai so ya san saurin yaɗuwarsa. Don zafi a ba shi farasitamol kaɗai, a guji asfirin da ibufurofen da dangoginsu saboda suna ƙara zubar jini. Kada kowa ya bi macijin don ya kashe shi, hoto daga nesa ya isa in ya samu. Idan gamsheƙa ce ta fesa dafi a ido, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Tun da akasarin sara a ƙafa yake faruwa, kuma da almuru ko da dare, ni a wurina takalmi mai rufe idon sawu, da tocila a hannun kowa, da gidan sauron da aka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, sun fi duk wani abin da ake tallatawa da sunan maganin maciji.

Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana kafin kwana bakwai da cizo, saboda haka wanda ya kwanta a rana ta biyu daga gida ya taho da nasa. A doguwar tafiya a riƙe 'yan kayan gwajin jini na yatsa da maganin zazzaɓi na haɗaka irin wanda ake sha sau biyu a rana har kwana uku tare da abinci mai maiƙo, kuma a shanye shi duka. Wanda ya fara sambatu, ko jijjiga, ko ya kasa riƙe magani a cikinsa, nasa ya wuce jaka, a juya da shi. Farasitamol mai miligiram 500 kada babba ya wuce ƙwaya takwas a yini ɗaya da kwana.

Akwai kuma abin da kunya ke hana mu faɗa wa juna. A cikin kowace tawaga da wuya a rasa mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko gyambon ciki, ko sikila, amma sai mutum ya ɓoye don kada a ce ya zauna a gida. Mai sikila musamman, sanyin tsauni da ƙishirwa da gajiya su ne ainihin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, don haka shawarar likitansa ta zo kafin sayen takalmi. Kowa ya taho da maganinsa har da rarar kwana uku, ya rubuta sunansa da yadda yake sha a takarda, a ajiye a jakar. Wanda ya san harbin ƙudan zuma yana kumbura masa fuska ko toshe masa numfashi ya sani cewa Piriton ƙaiƙayi da borin fata take kwantarwa, ba ta buɗe maƙogwaron da ya rufe, lallai ya ga likita a tsara masa abin da zai riƙe.

Game da shiryawa, zafi yana lalata magani, yawanci an rubuta a kwali cewa kada ya wuce digiri 30, don haka jakar ta zauna a tsakiyar kaya, ba a saman babur cikin rana ba. A saya a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a bar kowace ƙwaya a cikin takardarta, a ƙulle komai a leda mai hana ruwa shiga. A raba kayan gida biyu a hannun mutum biyu, saboda jaka ɗaya tana iya bin rafi. Sannan aƙalla mutum biyu su san aikin kowane abu da ke ciki, domin mai ilimin shi ma yana iya zama mara lafiyar. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana koyar da taimakon gaggawa, kuma Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da matasan suka sake turo mini hoton sabuwar jakarsu, ta ninka ta farko sau huɗu, kuma kuɗin da suka kashe bai kai na tantinsu ɗaya ba. Na ce saura takarda guda da za su rubuta a Serti tare da jami'an gandun da ɗan jagoran da zai shiga da su: ƙauyen ƙarshe da babur ke iya kaiwa, wuraren da waya ke kamawa, asibitin da ke da allurar dafin maciji a wannan makon, da sunan wanda ke gida ya san ranar da ya kamata su fito, wanda zai tayar da mutane idan ranar ta wuce bai ji muryarsu ba.