Kason mata da tsoffin sojoji a kwangilar gwamnati: Amurka da gida

A shekarun nan gwamnatin tarayyar Amurka tana kashe sama da dala biliyan 700 duk shekara wajen sayen kaya da biyan 'yan kwangila, kuma doka ta ce a yi ƙoƙari aƙalla kashi 23 cikin 100 na wannan kuɗi ya shiga hannun ƙananan kamfanoni. A ciki an ware wa kamfanonin mata kashi 5 tun 1994, an sa wa waɗanda aka bari a baya ta fuskar zamantakewa da dukiya kashi 5, an ba kamfanonin da ke yankunan da talauci ya yi wa katutu kashi 3. Sojojin da suka samu naƙasa a bakin aiki kuwa, an ɗaga nasu daga kashi 3 zuwa 5 a ƙarshen 2023.

Tun da na zauna a Amurka, abin da ya fi jan hankalina shi ne irin bin diddigin da ake yi kafin a yarda kamfani na mace ne. Na ga wata 'yar'uwarmu daga Afirka ta Yamma, mai kamfanin share ofisoshi, tana haɗa takardunta a teburin cin abinci bayan sallar isha'i. Sai da ta nuna ta zama 'yar ƙasa, ta nuna kashi 51 na kamfanin nata ne, ta kuma tabbatar da cewa ita ce take ɗaukar ma'aikata, ita take sa hannu a banki, ita take yanke shawara. Hukumar SBA mai kula da ƙananan kamfanoni, wadda aka kafa a 1953, ita ke tantancewa, kuma kowace shekara tana fitar da sakamakon kowace ma'aikata a bainar jama'a.

Wannan ƙidaya ce ta tona cewa tsarin bai kai yadda ake yabonsa ba. Kashi 5 na mata, duk da ƙanƙantarsa, sau biyu kacal aka cika shi, a 2015 da 2019. Ana kuma kama masu kuɗi da suka ari sunan tsohon soja suka lashe kwangila, a kai su kotu, wasu har gidan yari. Ɓangaren tsiraru ma ya girgiza a 2023, lokacin da wata kotun tarayya a jihar Tennessee ta ce launin fata kaɗai bai isa a ɗauka an danne mutum ba, don haka a lokacin aka ce mai neman shiga shirin 8(a), wanda SBA ke tallafa wa waɗanda aka bari a baya da shi, sai ya kawo bayanin abin da ya same shi da kansa.

A Najeriya muna da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 da hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, sannan a 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin fifita kayan da aka ƙera a gida. Duk da haka matar da ke ɗinka kayan makaranta a Zariya, ko sojan da ya rasa ƙafa a dajin Sambisa, hanyar da kowa ya sani ita ce a gabansu: wa ka sani, wa ya san ka. Kafin ma a kai ga wannan, sai an nemi rajistar hukumar kamfanoni ta CAC da shaidar biyan haraji ta shekara uku da takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma mai ƙaramin jari yakan gaji tun a nan. Abin yana mini ciwo duk ranar 15 ga Janairu, a ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, alhali waɗanda ke raye suna zaman dirshan a Abuja kan haƙƙoƙinsu.

Ina goyon bayan a ware kaso ga mata da sojojin da suka naƙasa, kuma ba sai mun duba nesa ba, domin Kenya ta ware kashi 30 ga mata da matasa da masu buƙata ta musamman tun 2013. Rabo bisa ƙabila ne ba na so, domin a ƙasar da ake rigima kan takardar shaidar asali, hakan zuba fetur ne a wuta. Gara a ɗauki tsarin Amurka na yankunan talauci, inda sharaɗin shi ne babban ofishin kamfani ya kasance a yankin, kuma kashi 35 na ma'aikatansa mazauna can ne. Irin wannan zai amfani Gwoza da Ogoni ba tare da an tambayi kowa yarensa ba.

Sai dai idan aka ware kason babu tantancewa, cikin wata guda matan manya da 'ya'yansu za su cika rajista, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Dole BPP ta riƙa buga sunan kowane kamfani da mai shi na gaskiya da adadin da aka biya shi, ma'aikata bayan ma'aikata. Sannan a biya a kan lokaci. A Amurka doka ta sa kwana 30, idan ya wuce gwamnati ta biya da ƙari. Dokarmu ta 2007 ta sa kwana 60, amma ƙananan 'yan kwangila suna shafe shekaru suna zarya a ma'aikatu da fayil a hammata, bankin da ya ba su rance yana ta ƙirga musu ruwa.