Turai ba ta da zaɓi sai magana da abokin gaba

Tun da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, duk wanda ya ce a zauna a tattauna, sai wasu a Turai su yi masa kallon ɗan koren Mosko. A ganina wannan zargi ya yi tsauri, ko da yake ba daga sama ya faɗo ba. A 1994 Yukren ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu a Budapest cewa za su mutunta iyakokinta. Shekara ashirin bayan haka Rasha ta ƙwace Kirimiya. Yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015, na tsagaita wuta a gabashin Yukren, ma sun bi ruwa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Amma a duba abin da magana ta haifar ana tsaka da ruwan wuta. A Yulin 2022 Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani a Istanbul don a fitar da hatsi ta Bahar Aswad. Ƙiyayyar ta kai ga ɓangarorin biyu ba su sa hannu a takarda ɗaya ba, kowa da tasa. Duk da haka jami'ansu suka riƙa hawa jirgi ɗaya suna duba kaya, aka fitar da kusan tan miliyan 33 kafin Rasha ta janye a Yulin 2023. A Mayun 2025, a wannan birni dai, aka yarda da musayar fursunoni dubu ɗaya daga kowane ɓangare, aka kuma cika. Mutane suka sauko daga motoci a rame, suna neman waya su kira iyayensu.

Taron neman zaman lafiya na Suwizalan na Yunin 2024 fa? Ƙasashe kusan 90 suka hallara, ba a gayyaci Rasha ba, aka watse yaƙi na nan.

Turai ta taɓa bin wannan hanya. A 1975, katangar Berlin na tsaye, ƙasashe 35 na gabas da yamma suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da haɗin kai a Helsinki. Masu suka suka ce an ba Brezhnev, shugaban Tarayyar Sobiyet, gabashin nahiyar kyauta. Sai ga shi sashen haƙƙin ɗan Adam na takardar ya zama abin da masu fafutika a Mosko da Prag suka riƙe suna ƙalubalantar gwamnatocinsu.

Akwai abubuwan da za a iya tattaunawa yanzu: yaran Yukren da aka kwashe zuwa Rasha, da tashar nukiliyar Zaporizhzhia da ke bakin daga. Babban aikin shi ne wa zai tsaya lamuni idan an tsagaita wuta, da irin ƙarfin da zai zo da shi, domin Kyiv ba za ta sake karɓar sa hannu kawai ba.