Ana Zaman Makoki Kuna Buga Lido

Jiya bayan la'asar na je gaisuwar mutuwa a wata unguwa a Jega. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa suna daga gaba, samari daga can gefen katanga. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, sai ga wata ƙara, kacau-kacau, irin wadda waya ke yi idan an jefa ƙwayar lido. Na waiwaya. Yara uku, kowa ya sunkuyar da kai cikin riga, yatsa na kan gilashi. Wani tsoho ya zunguri ɗaya daga cikinsu da gwiwar hannu, yaron bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗan tsaya Baba, jifana ne." Wanda ya rasu ƙanen kakansa ne. Wallahi har na dawo gida abin bai bar raina ba.

Ƙannena, kada ku ɗauka ban san daɗin abin ba. Na sani. A 2020, lokacin kullen korona, ni ma na sauke Ludo King a wayata, na kwana biyu ina fama. Wani kamfani na Indiya ne ya fito da shi a 2016, shi kansa lidon asalinsa wasan Indiyawa ne da suke kira pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi. Zaƙinsa a sauƙinsa yake. Ba ya son ilimi, ba ya son Turanci, ba ya son babbar waya, data kaɗan ta ishe shi. Ka jefa, ka jira shida ta fito, ka fito da ɗanka daga gida. Mai digiri da mai tura baro duk ɗaya ne a gaban ƙwaya. Ga daɗin cinye ɗan wani yana dab da shiga gida, ka tura masa hoton dariya. Na san yaron da ke ci-rani a Legas, da daddare shi da abokinsa na Argungu suna haɗuwa a ɗakin wasa ɗaya, su yi ta tsiya kamar suna kan benci guda. Wannan ban ce komai a kai ba.

Amma zuma da zaƙi da harbi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "ɗan tsaya" ɗin. An sa wa wasan agogo: in lokacin jifanka ya wuce sai a jefa maka, in ka yawaita a fitar da kai, kwabban cikin wasan da ka zuba su tafi. Kwabban da ba sa sayen ko ashana! To, saboda su yaro ya fi jin kunyar wani baƙo da bai taɓa gani ba, mai hoton damisa a madadin fuska, a kan uwar da ta haife shi. Inna ta ce kai markaɗe, ɗan tsaya. Mai saye na tsaye a bakin shago da kuɗi a hannu, ɗan tsaya. An tada iƙama, ɗan tsaya, saura ɗa ɗaya ya shiga. Da idona na ga mai tsaron injin ban-ruwa a fadama ya ƙura wa waya ido, ruwa ya fasa kunya yana malala gonar maƙwabci, man fetur na ƙonewa a banza, a wannan tsadar. Kuma wasa ɗaya bai taɓa zama ɗaya ba. In an cinye ka sai ka ce sai ka rama, in ka ci ka ce yau da sa'a ka tashi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kuɗin fa? Tun farkon 2025 da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data kowa ke kuka, amma ban ga wanda ya rage ba. Sai dai roƙo ya ƙaru: "Yaya a taimaka da data." Ƙato da gemu, ya saki wando a ƙasan ƙugu, ya yi askin da ko zakara ba zai yarda da shi ba, ya kwana a rumfar mai caji. Waɗanda suka fara sa kuɗi na gaske a tsakaninsu kuwa, wannan caca ce, ku daina canza mata suna. Maganar hukuncin wasa da ƙwaya na bar wa malamai, suna da abin cewa.

Mu ma an yi wasa a ƙasar nan. Dara tamu ce, har littattafan Turawa suna ambaton Dakarkarin Zuru da ita: gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya. Tana son lissafi, ba sa'a ba. Amma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, da baƙo ya yi sallama hannu ke tsayawa a sama, a amsa, a tambayi gida da iyali, a ba shi wuri. Da ladan ya ce uffan za a tashi, wani ma ya share gurabun da ƙafa. Ba wanda ya taɓa ce wa babansa ya jira dara. Ina wannan kunyar ta tafi? Yanzu dara ta ci gida, don har iyayen na gani suna yi, uba na ɗaki yana jifa, ɗa na zaure yana jifa, wa zai tsawata wa wa?

Ku dai ji tsoron Allah ku san lokacin abu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da za mu tashi jiya na tsaya kusa da yaron nan, na ce, "Allah Ya jiƙan tsoho." Ya ɗago da sauri, ido jajir, ya ce, "Amin Kawu, na gode," ya mayar da kai. Shida ce ta fito masa.