Wa zai ce wa kyaftin ya yi kuskure?

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, yawanci sau ɗaya mutum yake hawa jirgin sama a rayuwarsa, wato tafiyar Hajji. Ya sayar da riɗi da bijimi, a raka shi Dutse ko Kano, saura addu'a. In an yi maganar hatsari, inji ake zargi. Ni kuwa kunya ce ta fi ba ni tsoro.

Ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka mutu, alhali ba injin da ya samu matsala. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya zaci an ba shi izinin tashi. Injiniyan da ke bayansa ya yi tambaya cikin shakka, aka amsa masa da ƙarfin gwiwa, sai ya ja bakinsa. Namu ma ya faru a Jidda a 1991: makaniki ya nemi a ƙara wa taya iska, mai kula da jigilar ya ƙi don kada a makara. Jirgin ya faɗi, mutum 261 suka rasu, akasarinsu alhazan da ke komawa Sakkwato.

Irin hatsarin Tenerife ne ya kai ga taron da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta shirya a 1979, inda aka faro horon da ke koya wa ƙaramin matuƙi buɗe baki, babba kuma ya saurara. Yau fannin yana da mujallunsa na masana, ana nazarin gajiya, rashin barci da ruɗewar hankali. Sai dai mafi yawan binciken a kan matuƙan Amurka da Turai aka yi shi, kuma maƙalu da yawa sai an biya dala kafin a karanta. Malamin da ke Kafin Hausa da albashin naira, ina zai kai?

Yaron da aka tarbiyyantar a kan durƙusawa da "ranka ya daɗe" ba ya zubar da wannan don ya sa hular matuƙi. Tarbiyya ce mai kyau, amma da wane lafazi zai tsayar da sa'an babansa cikin daƙiƙa biyar? Ga azumi, ga hazon hunturu, ga rububin jigilar alhazai. Tambayoyinmu ne, mu ya kamata mu bincika.

Wani zai ce ƙauyen da ba rijiyar burtsatse, ina ruwansa da wannan? Ai shirun nan shi ne na yaron mota gaban direba mai gyangyaɗi a hanyar Haɗeja, da na nas gaban likita.

Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964. Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse su haɗa kai da ita, TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauki nauyi, da sharaɗin a saki sakamakon kyauta a intanet, a kuma taƙaita shi da Hausa a rediyo kafin jirgin farko na alhazai ya tashi.