Bincike ya ƙare tun 2020, ina nas ɗin da za ta je wurin malam?

Duk ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai a taru a otal a yi jawabi kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a watse da kiran a ƙara bincike. Wane binciken kuma? A Kumasin nan da Ibadan aka gwada haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da masu addu'a wajen kula da masu taɓin hankali, mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2020. Waɗanda aka haɗa musu hannu biyu sun fi samun sauƙi cikin wata shida. Abin da ya rage aiki ne.

Wasu na cewa a rufe wuraren malamai kawai. To a kai marasa lafiyar ina, alhali manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku ne a Gana, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu? Uwa a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, in ɗanta ya fara surutai, malamin ruƙiya take nema kafin ta tuna da babban asibitin Komfo Anokye. Malamin nan shi ne abokin aikin da ake tsallakewa.

Tsarin ba wuya. Nas ta riƙa zuwa wurin malam duk mako, ta duba mara lafiya, ta ba da ƙwaya ko allurar wata-wata, malam ya ci gaba da addu'arsa, a cire mari, a daina duka da azumin dole. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Magani irin haloperidol kan sandarar da jiki, ya sa karkarwa da dalalar miyau. In ba a gargaɗi iyali tun farko ba, ba a kuma tanadi benzhexol, maganin da ke rage sandarewar da karkarwar ba, sai su ce aljanu ne suka fusata, su zubar da maganin. Ko allura ta yanke wata biyu, ciwo ya dawo, malam ya ce ai ya faɗa. Ko kuɗin masu tallafi ya ƙare, babur ɗin nas ya rasa mai.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012 ta riga ta san da zaman masu gargajiya da masu addu'a. Ya kamata hukumar da dokar ta kafa ta zauna da sarakunan zango da limamai, kuɗin man babur kuma ya shiga kasafin gunduma.