Ɗan talaka tun a aji biyu yake faɗuwa, ba a birbe ba

Duk shekara idan sakamakon birbe da bak (jarrabawar gama koleji da ta gama lise a nan Nijar) ya fito sai mu cika Facebook da kuka, wai yaran yanzu ba sa karatu. Ni dai ban yarda ba. Ɗan talaka tun a CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, ake barinsa a baya, ba wanda ya lura.

Ku leƙa aji a wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi. Mushe, wato malamin aji, ya rubuta jimlar Faransanci a allo, yara suna binsa da murya ɗaya, ka rantse sun iya. Ka kira yarinya guda, ka ɗora yatsa a kan kalma ta tsakiya, sai ta sunkuyar da kai. Hadda ce kawai. Ɗan ma'aikaci a birni yana da mai yi masa bita da dare, ita kuwa daga aji sai rijiya, sai talla.

Bincike ne ya tona wannan. Gwajin PASEC na 2014, wanda ya auna karatun yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cikin yaran Nijar 10 masu gama firamare da ƙyar ake samun ɗaya mai karanta rubutu ya gane. Maganin kuma a gida yake: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, kuma da aka auna yaran irin waɗannan makarantu an ga sun fi fahimta. Yau fiye da shekara 50, abin bai kai yawancin ƙauyukanmu ba. Wallahi wannan yana ci mini rai. A Indiya ma ƙungiyar Pratham ta gwada zaunar da yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, aka ga ci gaba, ba tare da an ɗora bulo ko ɗaya ba.

Ga kuma ajin kara. Ba a kafa shi sai an yi girbi, ruwan farko kuma ya tashi makaranta. Sai da gobarar Nuwamba 2021 ta ci ƴaƴanmu sama da 20 cikin ajin kara a nan Maraɗi muka yi zancensa. Kwana nawa na karatu yaron ajin kara yake asara a shekara?

Malamanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, don Allah ku tura ɗalibanku su ƙirga mana, ƙauye-ƙauye. Abin da suka gano kuma kada ya kwanta a kabad da Faransanci. A karanta shi da Hausa a rediyo, mushe ya ji, uwar yarinyar nan ta ji, magajin gari ma ya ji kafin ya tsara kasafin baɗi.